Turaren da Ba Ya Kama Jiki

(Kasuwar Sabon Gari, Kano, a watan Afrilu, rana ta take. Bakano na zaune a shagonsa na turare yana fifita da murfin kwali. Babarbare mai turaren wuta ya shigo shan inuwa. Sai ga Bazazzagi, malamin makaranta, da jaka a hammata.)

BAZAZZAGI: Salamu alaikum. Alhaji, ana ciniki?

BAKANO: Wa alaikumus salam. A'a, bawana ne da tsakar ranar nan? Yaro, ba shi kujera. Mai ƙafa ukun nan, Bazazzagi ne.

BAZAZZAGI: Bawa ai shi ke tsaron shago, ubangida ya zo da kuɗi. Turare nake nema.

BAKANO: Ka zo gida. Ga udu, ga almiski, ga na Dubai wanda in ka fesa yau, mai wankinka ma sai ya yi sati yana ƙamshi.

BAZAZZAGI: Ba irin wannan ba. Mai sauƙi nake so, wanda in an fesa da hantsi, kafin azahar ya tafi.

BAKANO: Ya tafi ina?

BAZAZZAGI: Ya bi iska mana.

BABARBARE: Mu a Yerwa in turare ya yi haka, gaban Bulama ake kai wanda ya haɗa shi.

BAZAZZAGI: Ku tsaya ku ji, abin ilimi ne. Kun san Kouros?

BAKANO: Mai farar kwalbar nan? Wa bai san shi ba? Turaren manyan ma'aikata ne lokacin muna samari. Darakta na sakatariya, ƙamshinsa na bakin ƙofar gari.

BAZAZZAGI: To, shi. Kamfanin Yves Saint Laurent na Faransa ya fitar da shi a 1981, wani gwani Pierre Bourdon ya haɗa. Akwai ƙamshin jibda a ciki, da zuma, da kanumfari. In zafi ya shigo ƙasar Turawa sai ya yi musu nauyi, ya riƙa hawa musu kai. Shi ne a 1993 aka yi masa ƙane, Kouros Fraîcheur. Aka sassauta nauyin, aka ƙara masa sanyi irin na ɓawon lemo. Ya yi zamaninsa, aka daina yi. Shi nake nema.

BAKANO: Zafin nasu har nawa yake kaiwa?

BAZAZZAGI: In ma'auni ya nuna 30 sai ka ga an tuɓe riguna an nufi bakin teku.

BAKANO: Talatin? Mu a talatin ai cewa muke gari ya yi daɗi, har a nemi shayi. Yau arba'in muke ciki, ga shi kuwa udu na fesa.

BABARBARE: Shi ya sa ƙuda bai shigo shagon nan ba tun safe.

BAZAZZAGI: Ba Kouros kaɗai ba ne. Dior sun yi Fahrenheit a 1988, mai ɗan ƙamshin fetur ɗin nan, sannan a 2011 suka fito da Aqua Fahrenheit, mai sanyi-sanyi.

BAKANO: Fetur da aka sirka da ruwa ke nan. Wannan ai 'yan bumburutu sun riga Dior. Su in an kama su duka suke sha, Bature kuwa sai a ce fasaha.

BAZAZZAGI: Alhaji, ba sirki ba ne, sabon haɗi ne. Ga Le Male na Jean Paul Gaultier, na 1995, wanda kwalbarsa ƙirjin mutum ce ba kai ba hannu, a cikin gwangwani. Shekara da shekaru, duk zafi sai sun yi masa sabon ado da sabon haɗi mai sauƙi. CK One ma tun 2004 aka fara yi masa na lokacin zafi, kowace shekara da launin kwalbarta. Wata uku, huɗu, a kwashe daga kanti. Wanda ya samu ya samu.

BAKANO: (Ya daina fifita.) Tsaya. Wannan ƙanen Kouros ɗin, wani ne mai kama da shi, amma in ka fesa sai ka ce ruwan alwala?

BAZAZZAGI: Ka taɓa ganinsa?

BAKANO: Yaro! Hau sama, bayan katan ɗin Bintu Sudan, akwai wani ƙullin leda tun na marigayi Baba. Sauko da shi. Malam, wannan kwantai ya fi ɗan farina shekaru. Mutum uku suka saya suka dawo da shi, na ƙarshen har da rantsuwa wai jabu na sayar masa. Ba ni dubu biyar ka raba ni da shi.

BAZAZZAGI: (Ya karɓa da hannu biyu.) La ilaha illallahu! Shi ne! Har da kwalinsa! Alhaji, dubu biyar? Ka san yadda masu tara turare suke rububin wannan a eBay, kasuwar intanet? Da dala ake...

BAKANO: Dubu biyar kuɗin hawan yaro ne. Ba mu fara ciniki ba tukuna.

BABARBARE: Malam, shawara kyauta: rufe bakinka.

BAZAZZAGI: Bari dai in duba. Ka ga lambar nan a gindin kwalba? Dole ta yi daidai da ta jikin kwali, da ita ake gane zubin da aka yi shi. Ta yi daidai! Kuma dubi rubutun, tun kafin kamfanin L'Oréal su karɓi harkar turaren kamfanin a 2008 ne. Tsohon zubi ne na asali.

BAKANO: Dubu tamanin.

BAZAZZAGI: Haba Alhaji! Yanzun nan fa ka ce in raba ka da shi.

BAKANO: Lokacin ban yi karatu ba. Ci gaba da darasi, Malam, ina jin daɗinsa. Akwai wata shekarar da ba ka ambata ba?

BABARBARE: Kowace shekara ka faɗa, dubu ashirin ce. Ni ina lissafi.

BAZAZZAGI: Na saya arba'in.

BAKANO: Albarka.

BABARBARE: Ni tambaya gare ni. In ka saya, ina za ka je da shi? Ɗaurin aure?

BAZAZZAGI: In fesa? Wa ya ce maka fesawa ake yi? In ya ƙare fa, ina zan samu wani? Ina da sha huɗu irinsu a gida, kowanne a kwalinsa. Ranar Sallah nake zaɓar ɗaya in yi feshi guda a wuyan hannu, in yi sauri in shinshina kafin a tayar da sallar Idi.

BABARBARE: Sauran kwanakin shekara fa?

BAZAZZAGI: Sabulu.

BAKANO: To ina kake ajiye su, kada ɓarawo ya wahalar da kansa?

BAZAZZAGI: A firji. Zafi da haske su ne maƙiyan turare, kuma ƙamshin lemon nan na sama shi ke fara lalacewa. Sai dai uwargida ta ƙi ganewa. Rannan na buɗe na tarar ta jera daddawa da kifi banda kusa da turaren Issey Miyake na lokacin zafi. Kwana biyu ba mu yi magana ba.

BABARBARE: Allah ya ba ta haƙuri. Firji guda, ba ruwan sanyi, sai turaren da ba a fesawa. Dubi Bintu Sudan can. Tun 1920 ake yin ta, mai ce zalla ba giya a ciki, a nan Kano ma ana ɗura ta. Ɗigo ɗaya a hula, har hular ta tsufa. Ba wanda ya taɓa cewa an daina, ba wanda ya sa ta a firji.

BAZAZZAGI: Abin da ake samu a kowane tebur ai ba abin tarawa ba ne. Alhaji, sittin. Amma sai na gwada, don wannan rufin kwanon naka ban yarda da shi ba.

BAKANO: Gwaji dubu biyu. Kai ka ce in ya ƙare babu wani.

(Bazazzagi ya yago takarda daga littafinsa, ya yi bismilla, ya danna sau ɗaya. Wani maiƙo ja-ja-ja ya bazu a takardar har ya ɓullo ta baya. Yaron shago ya yi atishawa. Mai lemo a waje ya leƙo.)

BAZAZZAGI: Wannan mene ne? Ina lemon? Ina sanyin? Alhaji, wannan ai udu ne!

BAKANO: Da almiski kaɗan. Da Bintu Sudan rabin kwalba.

BAZAZZAGI: Me ka yi masa?

BAKANO: Gyara. Da na ukun ya dawo da shi, na ce ba za a ɓata sunan shagon Baba ba. Na cire kan feshin, na zuƙe rabi da sirinji, na ɗura masa abin kirki. Aikin da Faransawa suka bari rabi, ni na ƙarasa.

BAZAZZAGI: Rabin da ka zuƙe fa? Yana ina?

BAKANO: Yaro ya goge gilashin kanta da shi. Ya yi kyau kuwa.

(Bazazzagi ya zauna a kujera mai ƙafa uku. Ta kai shi ƙasa.)

BABARBARE: (Ya ɗauki takardar ya shinshina, ya lumshe ido.) Kai! Yanzu ya zama turare. Alhaji, nawa?

BAZAZZAGI: (Daga ƙasa.) Kada ka taɓa kwalbar nan! Kwalbar da kwalin nawa ne. Ko babu komai a ciki, za su cike mini gurbin 1993.

BAKANO: Madalla, ba faɗa. Yaro, kawo sirinji da 'yar kwalbar man zafi. Mutumin Yerwa, ruwan ciki dubu talatin. Malam, kwalba da kwali dubu sittin, yadda ka taya.

BAZAZZAGI: Sittin da turare a ciki na taya!

BAKANO: Turaren da ba za ka fesa ba? Na ma rage maka wahala. Sai dubu uku na wankin kwalba.

BAZAZZAGI: (Yana ƙirga kuɗi yana ƙunƙuni.) Allah ya isa tsakanina da Kanawa.

BAKANO: Amin. Yaro, in ka gama ka sake hawa. Duk abin da aka taɓa dawo mana da shi tun zamanin Shagari, sauko da shi ka kaɗe ƙura. Malam, ku masu wannan lalurar, kuna da yawa a Zariya?