Asabar da Lahadin dogon hutu ba na barci ba ne

Yanzu da aka koma makaranta ana ta fama da lakca da asaimen da tes, akwai wani abu game da dogon hutu da ya tsaya min a rai nake so mu tattauna, musamman mu ɗalibai. Idan aka ba ɗalibi hutun ƙarshen shekara ai kullum ranar hutu ce a wajensa, Litinin da Laraba da Asabar duk ɗaya ne, ba mai tashinsa ya kama aji, ba malamin da ke jiransa. Amma ka zauna ka tambayi kanka me ya rage maka na hutun nan, wane abu ne in ka tuna shi za ka ji murmushi ya zo maka, wallahi za ka tarar kusan duk Asabar ne ko Lahadi. Ranakun tsakiyar mako sun cakuɗe sun zama abu ɗaya, tashi da rana tsaka, latsa waya, kallo, a sake kwanciya, ko ka matsa wa kanka ba za ka iya bambance Talatar makon farko da ta mako na huɗu ba.

Ni a ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hutun naka ne kai kaɗai a tsakiyar mako, amma ran Asabar na kowa ne. Ran nan ne Baba yake gida ba ya sauri, Yaya da ke aiki ta samu sararin zuwa da yaranta, abokin da ya kama ɗan aikin hutu ya samu kansa, gidan da ya yi tsit kwana biyar sai ka ji ya cika da hayaniya. Lokacin da ba ka da abin yi ba shi da wani daɗi in duk mutanenka suna can suna aiki, daɗinsa sai ya haɗu da na wasu.

Kuma wannan ba tunanina ba ne ni kaɗai. A 2014 wasu masana zamantakewa biyu a Amurka, Cristobal Young da Chaeyoon Lim, sun duba bayanan dubban ɗaruruwan mutane kan yadda suke ji a ranaku daban-daban na mako, sai suka ga wani abu mai ban mamaki, wato marasa aikin yi ma, waɗanda kullum a gida suke, walwalarsu tana ƙaruwa ran Asabar da Lahadi ta ragu in Litinin ta zo, kusan yadda take yi wa ma'aikata. To mutumin da ba shi da ofis me Litinin ta tsare masa? Abin da ta tsare masa shi ne ta kwashe masa mutane. Ɗalibi a dogon hutu ma halin da yake ciki kenan.

Akwai ma ƙasar da ta gwada rushe wannan tsari gaba ɗaya. A 1929 Tarayyar Sobiyet ƙarƙashin Stalin ta kawo mako mai kwana biyar don kada injinan masana'antu su tsaya ko rana ɗaya, aka raba ma'aikata rukuni-rukuni kowane rukuni da ranar hutunsa daban, har da launi ake ba kowa don ya gane tasa. In ka lissafa, hutun da mutum ke samu ya ma fi na da yawa, rana ɗaya cikin biyar maimakon ɗaya cikin bakwai. Amma mutane suka tsani abin, saboda miji yana gida matarsa tana masana'anta, yara suna makaranta, abokinsa nasa hutun sai jibi, ba wanda zai ziyarta ba mai ziyartarsa. Tun 1931 aka fara janye tsarin, a 1940 aka dawo da mako mai kwana bakwai da Lahadi a matsayin hutun kowa. Duk lokacin da na tuna wannan labarin sai in ƙara ganin girman rana ɗaya da kowa ya samu tare.

Ni abubuwan da suka zauna min na hutun da ya wuce ba wasu manya ba ne. Akwai yammacin wata Asabar da zafi ya hana kowa zaman ɗaki muka fito waje gaba ɗaya, hira ta yi hira har Baba ya shiga ba mu labarin yadda ya yi shekarar farko a wajen aiki, tsoron da ya ji, da wani babba a wajen da ya riƙe shi kamar ɗansa, da ranar da ya kusa ajiye aikin ya dawo gida. Ban taɓa jin wannan labarin ba duk tsawon rayuwata da shi a gida ɗaya, kuma na tabbata da a ce ran Talata ce da ya dawo a gajiye ba za a yi shi ba. Umma tana gefe tana gyara masa inda ya manta, "a'a Malam, ba a shekarar ba ne, ai lokacin ba a haifi wannan ba," shi kuma yana cewa ke dai bar ni in ƙarasa. Daga ranar kallon da nake yi wa mahaifina ya canza, na fara ganin saurayin da ya taɓa zama kamar ni, wanda shi ma bai san yadda gobe za ta kasance ba. Irin wannan hirar ba a shirya ta, sai an zauna an daɗe, an gama maganganun banza, an yi shiru an sake farawa, sannan take fitowa da kanta. Shi ya sa ziyarar minti ashirin ba ta kawo ta.

Na abokai kuma daban ne. Ƙwallon safiyar Lahadi da ake yi har rana ta yi zafi kowa ya jiƙe, gardamar an ci ko ba a ci ba da ba ta ƙarewa, da wata tafiya da muka shirya zuwa bakin ruwa mota ta lalace mana a hanya muka shafe sa'o'i a gindin bishiya muna jiran makanike. A lokacin rai ya ɓaci, yanzu kuwa ita ce aka fi ba da labarinta a girup, kuma a zaman jiran nan ne wani abokinmu da muka sani da yawan dariya ya buɗe baki ya gaya mana halin da gidansu ke ciki da yadda yake tunanin barin karatu. Da motar ta kai mu lafiya da wataƙila har yau ba mu sani ba, da kuma ba mu samu damar tsaya masa ba.

To abin da ke damuna shi ne yadda da yawanmu muke sakin waɗannan ranaku su wuce. Za ka ga mutum ya yi barci Litinin zuwa Juma'a, ran Asabar da gida ya cika sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa da waya a hannu, ƙannensa na ƙwanƙwasawa yana cewa a ƙyale shi, kawu ya zo a ce fito ku gaisa ya fito ya yi gaisuwar tsaye ya koma. Haba. Fim ɗin nan da kake kallo yana nan ran Litinin, cat ɗin yana nan, amma kawu da yamma zai tafi. Ko an fita tare ma sai ka ga rabin lokacin a ɗaukar hoto ya ƙare, a tsaya nan, a sake, wannan bai yi ba, a ɗora a sitatus sannan kowa ya duƙa yana duba wa ya gani. Ba na cewa kar a ɗauki hoto, ni ma ina son hotunan kakata da nake da su fiye da komai a wayata. Amma wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Linda Henkel ta yi gwaji a gidan tarihi, an buga shi a 2014, ta ga cewa ɗaliban da suka ɗauki hoton kayan da aka nuna musu sun fi mantawa da su a kan waɗanda suka tsaya suka kalla da idonsu kawai, kamar ƙwaƙwalwa ta ce ai kyamara ta riƙe min. Hoto ɗaya ko biyu ya isa, a sa wayar a aljihu.

Na san wani zai ce shi hutu ya zo yi, ya gaji da jarrabawa, ba ya son hayaniya. Na yarda, gajiyar zango gaskiya ce kuma barci haƙƙin jiki ne, amma ai kana da kwana biyar cur a kowane mako na yin sa. Wani kuma zai ce hutu lokacin koyon sana'a ne ko kwas na kwamfuta, wannan ma na goyi baya ɗari bisa ɗari, a yi shi a tsakiyar mako. Sai masu cewa ba kuɗin fita. Wannan kam ban karɓa ba, don mafi yawan abin da na lissafa a sama ko sisi ba a kashe ba, zama ne da tafiya a ƙasa da hira. Waɗanda nake tausaya wa da gaske su ne waɗanda gida ba wajen kwanciyar hankali ba ne a gare su, inda haɗuwar kowa ke nufin faɗa da gori, su ba zan ce musu komai ba sai dai su nemi mutanen da zuciyarsu ke sakewa da su, ko goggo ce ko maƙwabci ko aboki ɗaya, su ba su ranar.

Kuma mu daina ɗauka cewa wannan damar tana nan har abada. Dogon hutu abu ne na ɗalibi, ranar da ka karɓi takardar kammalawa ya ƙare, ma'aikaci 'yan makonni yake samu a shekara in ya yi sa'a. Abokan da yau saƙo ɗaya ke tara su, nan da 'yan shekaru wannan aiki ya kai shi wani gari, wannan ta yi aure, wancan ya fita waje karatu, haɗa mutum biyar a waje ɗaya sai an yi wata guda ana sa rana ana ɗagawa, ku tambayi yayyenku su gaya muku. Iyaye kuma girma suke yi a gabanmu ba ma lura. Kakata da a bara take tafiya da ƙafarta har ƙarshen layi, bana sai an riƙe ta, kuma labaran da ke kanta ba a rubuta su a ko'ina ba, in ba a zauna an ji ba shi kenan. Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana.

Wani abu da ya kamata in ƙara, ba kowa ne hutunsa ke faɗowa Asabar da Lahadi ba. A ƙasashe irin su Saudiyya da Masar Juma'a da Asabar ne, kuma ko ina akwai iyayen da aikinsu bai san ƙarshen mako ba, nas da likita da direba da ɗan sanda da mai shago. Ina da abokiyar karatu da mahaifiyarta nas ce, jadawalin aikinta canzawa yake duk wata, to ita da an manna sabon jadawali take ɗaukarsa a waya ta duba ranakun da Mama ba ta da duti, ta gaya wa kowa kar a neme ta a ranakun nan. Wani lokacin Laraba ce wani lokacin Alhamis, har ta kai mu ma in za mu shirya wani abu sai mun fara tambayarta yaushe Mama take gida.