An manna waya, an karɓi kuɗi, likita ya yi layar zana

Abin da ake yi wa mutane a garin nan na Kaduna da sunan gyaran haƙori ya isa haka. Yarinya ce haƙoranta na sama sun turo gaba har leɓe ba ya rufuwa, ko yaro ne na ƙasa sun sha gaban na sama, ko baki ya cushe, wannan ya hau kan wancan. Uba ya tattaro ɗaruruwan dubban naira, wani ma ya haura miliyan, ya kai wani asibitin kuɗi a Barnawa ko Malali ko Unguwar Rimi. Cikin awa biyu an manna wa haƙoran wayar daidaita su, an ɗauki hoto an sa a Instagram, wai an gama. Wallahi ba a ma fara ba.

Mannawar ita ce mafi sauƙi. Aikin gaske bibiya ce ta shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci uku. Saiwar haƙori tana zaune ne cikin ƙashin muƙamuƙi, wasu siraran zaruruwa na riƙe da ita. In aka matsa shi a hankali, ƙashin gefen da ake turawa ya riƙa zaizayewa, sabo ya riƙa cike gurbin da aka bari. Tafiyar ba ta wuce kimanin milimita 1 a wata. Shi ya sa ake farawa da siririyar waya mai laushi ta nikel da titaniyam, a yi ta sauyawa har a kai ga ta ƙarfe mai kusurwa huɗu. 'Yan robobin da ke ɗaure wayar kuwa ƙarfinsu na sakewa cikin makonni. Dole a ga likita duk bayan sati 4 zuwa 6, in an yi nisa 8.

To ina likitan? Nan gizo ke saƙar. Ƙwararrun wannan fanni ba su da yawa a Najeriya, kuma akasarinsu suna kudu da Abuja. Sai asibiti ya ɗauko wanda zai riƙa leƙowa daga Abuja, ba tare da an gaya wa iyaye ba. Wata na farko ya zo, na biyu ya zo, na uku a ce hanya ba kyau, na huɗu a ce bai samu tikitin jirgin ƙasa ba. Ana nan wutsiyar waya ta zarce bayan haƙorin turmi tana yankar kumatu, yaro ya kasa cin tuwo, a je a tarar da wata a gaban tebur tana cewa, "Alhaji a yi haƙuri, Dakta bai shigo ba." Yanke wutsiyar nan aikin minti biyu ne. A ƙarshe uba ne zai kwashi ɗansa zuwa tashar Rigasa, ya bi likitan har Abuja da kuɗin aljihunsa.

Mafi ciwo shi ne waɗanda ake sa wa waya ba a ɗauki hoton ƙashi ba. Kafin a taɓa bakin mutum ana bukatar hoton da ke nuna dukkan haƙora da saiwoyinsu, da hoton kai ta gefe, da ɗaukar siffar haƙora da wani abu kamar laka ko da na'ura. Da su ake gane ko matsalar ta haƙori ce ko ta muƙamuƙi. Babban mutum da muƙamuƙinsa na ƙasa ya zarce na sama sosai, waya kaɗai ba ta gyara shi, sai an haɗa da tiyata. Da tun yana ɗan shekara 7 aka duba shi, lokacin da ƙashi ke girma, da akwai dabarar da za a gwada. Haka wanda dasashinsa ke jini ko haƙorinsa ya rube, sai an yi maganin wannan tukuna. In aka ja haƙori a kan dasashi mai ciwo, ƙashi ne zai tafi, haƙori ya fara girgiɗi. In kuma aka ɗaure da ƙarfin tsiya don a burge mai kuɗi da saurin aiki, saiwa ce ke gajarcewa, kuma ba ta sake tsirowa.

Sai maganar ƙananan ƙarafan da ake mannawa a kan haƙora su riƙe waya, waɗanda ke ɓallewa duk sati, a ɗora wa yaro laifi, a ce a biya kuɗin sabo. Wani lokaci laifinsa ne, ya ci rake ko ƙuli-ƙuli. Amma wanda ya ɓalle kwana biyu da mannawa, aikin ne bai yi ba. Ana shafa wa haƙori ruwan asid na kusan daƙiƙa 30, a wanke, a busar, a sa gam, a haska masa shuɗiyar fitila ya daskare. Ɗigon miyau guda in ya taɓa wurin, gam ba zai kama ba. A ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, injin tsotse miyau ya tsaya, a tsaya jiran a tada janareto, sannan a ci gaba kamar ba abin da ya faru. Kuɗin wannan sakacin ma uba ne zai biya?

Kuma wa ya zauna ya yi wa yaron nan bayani da Hausa? Takardar da ake miƙa masa, in ma an miƙa, da Turanci take, tana lissafa abincin da bai taɓa gani ba. Ba ƙilishi a ciki, ba aya, ba gasasshiyar masara, ba goro, ba tauna ƙashin miya. Ba wanda ya nuna masa ɗan siririn buroshin da ke shiga ƙarƙashin waya, ko ya ce masa asuwaki kaɗai ba ya isa tsakanin ƙarafan, sai an haɗa da buroshi da man goge baki mai fuloraid bayan kowane cin abinci. Ranar da aka cire waya sai ga fararen tabo zagaye da inda kowane ƙarfe ya zauna. Wannan farkon ruɓewa ne.

Kuɗin kuma kullum da sabon labari. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan suka yi tsada, don daga waje ake shigo da su, wannan gaskiya ne. Amma me ya hana a faɗi jimilla tun farko? Hoto daban, cire haƙori daban, wankin baki daban, sannan a ƙarshe a ce ritena ma daban. Ritena kuwa ita ce ke riƙe haƙora bayan an cire waya, ana kwana da ita shekara da shekaru. In babu ita haƙora komawa suke yi inda suka fito.

Ba na ma son in fara maganar masu manna wayar ado a shagon kwalliya da gam ɗin kasuwa. Wayar da aka ce ta gayu ce ita ma tana jan haƙori, sai dai ba wanda ya san inda za ta kai shi.

Duk uban da zai biya, ya tambayi sunan likitan da zai riƙa ɗaure wayar, da rajistarsa a hukumar likitoci ta MDCN, da shaidar ƙwarewarsa a wannan fanni. A rubuta masa a takarda wata nawa aikin zai ɗauka, haƙori nawa za a cire, wa zai duba yaro in waya ta ɓalle ranar Asabar, kuma ko ritena na cikin kuɗin. Ya karɓi kwafin hotunan ƙashin ya ajiye a gida. In suka fara kame-kame, ya kama hannun ɗansa su fita.