Haɗa bidiyon biki ba wasa ba ne

Wallahi abin nan yana ci min rai. A kawo ma aikin biki a Gusau, mai kyamara ya ɗauka a firam 25, wato hotuna 25 duk sakan, ƙannen amarya da waya a 30, wani ma 60, wai a haɗa su tafi sumul. To ta yaya? In ka fitar a 25 duk sakan sai an zubar da firam 5 daga na wayar mai 30, rawar 'yan mata ta dinga tsinkewa, wani lokacin ma murya ta riga baki. Ka kwana kana gyara ka fitar da MP4 tsaf, su jefa a guruf ɗin WhatsApp ya matse, fuskar amarya ta dushe, sannan a kira ka wai aikinka ne. Haba Hajiya, ku tura shi a dokumen mana kada ya matse, don Allah!