Ba'amurken da ya zo Zariya neman sarewa

Duk wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ya kamata a ce ya san sunan Yusef Lateef, gwanin kiɗan jaz na Amurka, amma ka tambayi ɗaliban Samaru na yau ka ga yadda za su tsaya suna kallonka.

An haife shi a 1920 a jihar Tenesi ta Amurka, ya tashi a Detroit, ya ƙware a busa saksofon har ya shiga ƙungiyar Dizzy Gillespie a 1949, daga baya ya yi aiki da Cannonball Adderley, dukansu manyan makaɗan jaz ne. Tun yana matashi ya karɓi Musulunci ta hannun Ahmadiyya (wannan muhawarar a bar ta zuwa wata rana), ya ajiye sunansa na yanka, William. A 1975 ya yi digirin digirgir, bincikensa kuwa kwatanta ilimin Musulunci da na Turawa ne. Da tafiya ta yi nisa sai ya daina wasa a gidajen rawa, saboda ba ya son busa inda ake shan giya. A harkar jaz wannan ba ƙaramin rufe wa kai ƙofar abinci ba ne.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne 1981. Mutum ya haura sittin, sunansa ya zaga duniya, amma ya tattara ya taho Zariya, ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya har 1985, yana bin masu sarewar Fulani yana tambaya kamar almajiri a gaban malaminsa. Shi da wani masani ɗan Najeriya, Ziky Kofoworola, suka rubuta littafi kan kiɗa da wasannin Hausawa. Bayan komawarsa gida ya ci Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, ya rasu a Disamban 2013 yana da shekara 93.

Mu kuwa fa? Mai algaita ba ma tuna shi sai ranar hawan Sallah ko naɗin sarauta. Ɗansa ya zo neman aure, a ce ai gidan maroƙa ne. Ku saurari waƙoƙin finafinanmu, kusan duka fiyano ne da kwamfuta, har muryar sarewar ma daga inji ake ciro ta. Ban ce a bar fiyano ba, ina jin daɗin wasu. Amma yaron da ke son koyon algaita a Kano yau, in ba gadonsu ba ne, wace makaranta zai je?