Gyara a labarin da masoyan fim ko littafi ke ƙirƙira ba hassada ba ce

Abin nan yana damuna wallahi. Mutum ya ɗauki taurarin wani fim ko littafi da yake so ya ƙirƙiro musu sabon labari ya sa a Wattpad, manhajar da ake sa labarai ana karantawa, kai kuma ka karanta ka ce akwai gyara, sai a ce hassada ce. Hujjarsu ita ce ai kyauta ya rubuta, ko sisi ba a biya shi ba, don haka ko ka yaba ko ka yi shiru. Na fahimce su, rubutu akwai wahala, kuma akwai masu zagi da sunan gyara.

Amma fa irin wannan labarin a kan halin taurarin da kowa ya riga ya sani ake gina shi, shi ya sa mai karatu ke saurin gane inda aka kauce. Misali jarumar da aka sani da kunya, a babi na 3 kawai ta hau surukarta da faɗa ba gaira ba dalili. Wanda ya ce "nan ban gane me ya canza ta ba" karatun natsuwa ya yi, ya ma fi mai tura "a ci gaba don Allah" amfani, don marubucin zai iya ƙara shafi ɗaya ya nuna abin da ya tunzura ta tun labarin bai yi nisa ba.