Ƙarfen gyaran haƙori da numfashin yaro: a bar likitan barci ya fara magana

Yanzu ana yawan jin masu gyaran haƙori suna yi wa iyaye alkawarin cewa ƙarfen da za a sa wa yaro zai buɗe masa hanyar numfashi, ya raba shi da minshari. Maganar tana da tushe, amma an yi mata ƙari, kuma ƙarin ne ke damuna.

Tushen a ganɗa yake. Ƙashin da ya zama rufin baki shi ne kuma daɓen hanci, kuma a yaro ɓari biyu ne da ba su gama haɗewa ba. Tun 1860 likitan haƙori Emerson Angell ya nuna ana iya buɗa su da ƙarfen da ake murɗawa kaɗan-kaɗan, wani likitan gyaran haƙori, Andrew Haas, ya farfaɗo da dabarar a 1961. Ganɗa ta faɗaɗa, cikin hanci ma ya faɗaɗa. Haka yaron da muƙamuƙinsa na ƙasa ya koma baya: harshe a jikin muƙamuƙin yake, saboda haka na'urori irin su Herbst da Twin Block, masu turo shi gaba, sukan ƙara sarari a bayan harshe.

To amma ta yaya ake auna wannan sarari? Galibi da hoton ƙashi, wanda ake ɗauka yaro na farke, a zaune ko a tsaye. Toshewar numfashi kuwa cikin barci take zuwa, yana kwance, tsokokin maƙogwaro sun saki. Ga shi kuma yaro girma yake yi, maƙogwaronsa na faɗaɗa ko da ƙarfe ko babu, tsokar bayan hanci, wadda kumburinta ke toshe numfashi, tana motsewa da kanta idan ya doshi balaga. Hoto ya yi kyau bai nuna yaro ya sami barci mai daɗi ba.

Ƙungiyar likitocin gyaran haƙori ta Amurka da kanta ta faɗi haka a 2019: likitan jiki ne ke tabbatar da ciwon ɗaukewar numfashi a barci, hoton ƙashi ba ya isa. Ta kuma ce babu hujjar cewa cire haƙora don gyara na jawo ciwon, abin da ake ta tsorata iyaye da shi.

Abin da ya fi toshe numfashin yara shi ne kumburin tsokokin gefen maƙogwaro da ta bayan hanci, sai ƙiba. Yaron da aka ɗaura wa ƙarfe shekara biyu alhali nan matsalarsa take, zai ci gaba da kwana baki buɗe, da fitsarin kwance, da kasa mai da hankali a aji. Wannan asara ce da madaidaitan haƙora ba sa biya.

Mai gyaran haƙori yana ganin bakin yaro akai-akai, shi ya fi kowa damar lura da wuri. Idan ya ji ana minshari kullum, ya tura yaron wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, a yi gwajin barci, sannan a duba ko ƙarfen na da gurbi cikin maganin.