Kyamarorin da ke tashi daga aiki da magariba

Mai shagon da na sayi kayan kyamarar tsaro a Sabon Gari shi ya zuga ni. Na tambaye shi nawa mai haɗawa zai karɓa, ya faɗi kuɗin, na riƙe baki, sai ya ce "Alhaji ai ko yaronka ɗan firamare zai haɗa, ja da ja, baƙi da baƙi, shikenan." Ni ba Alhaji ba ne amma tunda ya ba ni kujerar kyauta ban mayar masa ba. Na kwaso kyamara huɗu, DVR mai baki huɗu, wato na'urar da ke naɗar hotunan, had disk, da nannaɗen waya RG59 irin mai haɗe biyun nan, mai kaurin ta hoto, siririyar ta wuta, sai kawunan BNC da ake sa wa bakin wayar hoto, a leda. Da ya ɗauko akwatin wutar kyamarorin, wani farin ƙarfe mai huji-huji wai bolt 12 amfiya 5, na ce ya ajiye abinsa, ina da adaftar tsohuwar dikoda a gida, ita ma bolt 12 aka rubuta a bayanta. Sha biyu ai sha biyu ce ko a ina.

Abin da ya kai ni sayen kyamara kuwa 'yan tsakin maman yara ne, kullum aka wayi gari sai an ga babu ɗaya, ita kuma ta riga ta gama shari'a a ranta ta ɗaure almajiran layinmu gaba ɗaya.

Jama'a duk wanda ya ce muku sa kan BNC wasa ne to bai taɓa riƙe reza ba. Wayar nan hawa-hawa ce, baƙar roba a waje, sai wani saƙaƙƙen gashin ƙarfe, sai farar roba, sannan tsinken jan ƙarfe a tsakiya, kuma wai idan sili ɗaya tal na gashin nan ya taɓa tsinken tsakiya hoto ya tafi, allo baƙi ƙirin. Sili ɗaya fa! Ni da sai na sa tabarau nake ganin lambar kati. In fere in yanke tsinken, in sake ferewa in yanke yatsa, wayar tana ta gajarcewa ni ina ta zubar da jini, ga 'yan majalisar ƙofar gida sun baro tabarmarsu sun zo sun kewaye tsanin kowa ya zama injiniya, wanda ko ƙwan fitila bai taɓa canzawa ba shi ne mai cewa "karkato ta hagu kaɗan." Tsanin ma na maƙwabcina ne, ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, da bulo muka daidaita.

Amma fa da la'asar hoto ya fito, huɗu reras a talabijin ɗin falo, tar da su. Yara suka dinga fita ƙofar gida suna rawa suna dawowa da gudu wai su tarar da kansu. Na harɗe a kujera na ce wa maman yara yau ɓarawo ya shiga uku.

Ana kiran magariba sai na ji ta tsakar gida ta yi ƙas, hoto ya koma fari da baƙi, wannan na san da shi, yanayin dare ne. Can sai ta bakin get ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Ta bayan gida ta bi ta. Kafin a idar da isha'i allon duk ya yi baƙi sai agogo kawai ke tafiya a sama. Gari na wayewa suka dawo su huɗu lafiya lau, suna nuna mana kaji na kiwo, ɗan tsako ɗaya babu. Washegari haka. Maman yara ta dubi allon ta dube ni ta ce "Baban yara, wai ma'aikatan gwamnati ka ɗauko mana ne, lokacin tashi na yi kowa ya ɗau jakarsa?"

Maƙwabcina mai tsani kuwa da ya ji labari ya girgiza kai ya ce dama ya so ya gaya min, tsamiyar nan ta bayan katangata ba a haska ta. Kuma abin ya so ya shige ni wallahi, don ita kyamarar bayan gidan ko da rana wani lokacin sai ka ga wasu layuka suna hawa daga ƙasan hoton zuwa sama a hankali, su yi ta tafiya, can su ɓace ba wanda ya taɓa komai. Ranar da na ga maman yara na turara habbatus sauda a ƙarƙashin kyamara na san magana ta girma, na kira ɗan yayata da ke karatun lantarki a kwalejin fasaha.

Ya ce ba zai zo da rana ba sai bayan magariba, wanda hakan ya ƙara wa mai tsani ƙarfin gwiwa. Da ya zo ko tsamiyar bai kalla ba, adaftar ya fara ɗagawa, ya sake ta da sauri don ta yi zafin da za ta gasa masara, ya juya bayanta ya karanta ya kwashe da dariya. "Kawu amfiya 1 ce fa, kyamara huɗu ka ɗora mata?" Na ce bolt 12 ce, duba da kyau. Ya ce bolt daban amfiya daban. Da rana kowace kyamara wuta kaɗan take sha shi ya sa adaftar ke lallaɓawa da su, amma duhu na yi sai jajayen ƙananan fitilun nan da ke kewaye da idonta su kama, su ne ke haska mata da hasken da idonmu ba ya gani, a nan kowace sai ta nemi wajen rabin amfiya ko fiye, huɗu kenan amfiya 2, ita kuwa baiwar Allah 1 gare ta. Ya hau tsani ya ɗora mita a ta bakin get, mita ta nuna bolt tara da ɗoriya. Ya ce ita wannan laifi biyu ne ya haɗe mata, don ta fi kowa nisa, wayarta ta kai mita 40, kuma ya kankare siririyar da wuƙa ya nuna min cikinta fari fat, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, irinta wuta na raguwa a hanya tun kafin ta isa.

Aljanun bayan gida kuwa sumo ne, injin nan mai jawo ruwa daga burtsatse. Na ɗaure wayar hoto da wayar famfon burtsatse tare da salatif tun daga kicin har katanga don aiki ya yi kyau, to duk lokacin da aka kunna sumo sai wutarsa ta shiga hoton. Ya raba su da kamar taku ɗaya, layuka suka tafi. Mai tsani ya ce to ai dama su ma da ruwa suke aiki.

Aka sayo akwatin nan mai huji-huji da na ƙi, aka ja wa ta get waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla, aka maida komai kan inbata saboda in an ɗauke wuta DVR ma barci yake. A daren farko muka kama ɓarawo da misalin ƙarfe uku, idanunsa biyu na walƙiya a allo: muzurun gidan mai tsani ne, ya diro ta kan katanga ya ɗauki ɗan tsako ya fice ko waiwaye babu. Na kira shi ya zo ya kalla, ya kalla har sau biyu, ya ce muzuru dai ai duk kama suke.

Yanzu matsalar da nake ciki daban ce. Maman yara ta koyi mayar da hoto baya da linzami, kuma ta bakin get da aka gyara ta fi kowace gani da dare. Da safe ina shan koko sai ta ce jiya ƙarfe nawa ka ce ka shigo? In ce goma da 'yan mintuna. Ta juya talabijin, ga ni nan ina turo babur a kashe don kar a ji, ina sanɗa, agogo a saman kaina. Allah Ya taimake ni agogon DVR ɗin ya rikice, duk sanda aka kashe shi sai ya koma shekarar 2000, na ce kin gani, na'urar da ba ta san shekara ba ita za ta san awa? Na ci wannan shari'ar na ɗan lokaci. Ashe ta kira ɗan yayar tawa a ɓoye, ya buɗe DVR ya canza wani ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032, ya saita agogo daidai da na wayarta, ta ba shi tuwo da miyar kuka har da na tafiya. Yaron da ni na biya masa kuɗin jarrabawa.